Mai Baki da Mai Alƙalami: Bin Sawun Dorugu a Cikin Magána Hausa

A shekarar 1912 aka yi rashin dattawa biyu da babu abin da ya taɓa haɗa su a rayuwa. Ɗaya shi ne Alexander Carmichael, wanda ya rasu a birnin Edinbara na ƙasar Sikotland bayan ya shafe kusan shekara 50 yana bin ƙauyuka da tsibirai yana rubuta waƙoƙi da addu'o'in mutanensa masu magana da harshen Galik. Ɗayan kuwa shi ne Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, wanda ya cika a Nasarawa ta Kano yana koyar da karatun boko. Kowanensu ya bar wa al'ummarsa taskar adabin baka da ake ci gaba da ɗiba har yau. Sai dai Carmichael mai alƙalami ne, shi ya sa sunansa yake a bangon littafinsa. Dorugu kuwa mai baki ne, don haka littafin da ya fito daga bakinsa, wato Magána Hausa na 1885, sunan wani ne a bangonsa: James Frederick Schön.

Kowane littafi na adabin baka mutum biyu ne suka haife shi, wanda ya faɗa da wanda ya rubuta. Mai karatun da yake son ya san darajar abin da ke hannunsa dole ne ya bi sawun su biyun, ya gane inda muryar mai faɗa ta tsaya da inda hannun mai rubutu ya shiga. Masanan Sikotland sun yi wa Carmichael irin wannan bin sawu, kuma hanyar da suka bi tana da amfani ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu na ƙasar Abzin, waɗanda a yau su ne ke riƙe da alƙalami a gaban tsofaffin Gugaram da Arlit.

Abin da ya faru da Carmichael

An haifi Carmichael a tsibirin Lismore a 1832. Aikinsa na gwamnati shi ne karɓar harajin kaya, aikin da ya zaunar da shi a tsibiran Uist daga 1864 zuwa 1882. A can ya riƙa shiga bukkokin manoma da masunta yana rubuta abin da suke faɗa wa Ubangiji a cikin harkokinsu na yau da kullum: addu'ar hura wuta da safe da ta rufe ta da dare, addu'ar tatsar saniya, ta saƙa, ta fita kiwo, ta shiga jirgin ruwa, da kalmomin da ake tofawa ga marar lafiya. Ya haɗa su da waƙoƙin da mata ke rerawa a bakin aiki. A 1900 ya buga juzu'i biyu na farko da sunan Carmina Gadelica. Bayan rasuwarsa jikansa James Carmichael Watson ya fitar da na uku da na huɗu a 1940 da 1941, sannan na biyar da na shida suka biyo baya a 1954 da 1971.

An daɗe ana ɗaukar littafin tamkar madubin zuciyar Galikawa, har zuwa 1976 lokacin da Hamish Robertson ya buga wani nazari da ya tuhumi Carmichael da yi wa waƙoƙin kwaskwarima. John Lorne Campbell ya mayar masa da martani a 1978 yana kare marigayin. Abin da ya kwantar da ƙurar shi ne komawa ga ƙananan littattafan aljihu da Carmichael ya riƙa rubutu a cikinsu a gaban masu faɗa, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Edinbara. Da masana suka bi su shafi bayan shafi, sai ta bayyana cewa lalle ya gyara. Yakan haɗa ruwayoyi biyu ko uku su zama ɗaya, yakan daidaita baiti, yakan zaɓi tsohuwar kalma don ta ƙara wa magana kwarjini. Dalilinsa ma ya fito fili: a zamaninsa ana yi wa masu jin Galik kallon jahilai, shi kuwa yana so ya nuna wa duniya martabarsu. Amma ta kuma bayyana cewa tushen abin daga bakin mutane yake, domin a wurare da yawa ya rubuta sunan wanda ya faɗa masa, da ƙauyensa, da ranar da suka zauna.

Ke nan littattafan aljihun da suka tona gyaransa su ne kuma suka wanke shi daga zargin ƙage. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora masu tattara adabin Hausa na ƙarni na 19 a kansa: shin sun bar sawun da za a bi a kai ga mai bakin?

Hanyar da ta ratsa Abzin

Labarin Magána Hausa ya faro ne daga wata tafiya da ta bi ta duwatsun Abzin. A watan Maris na 1850 Turawa uku suka taso daga Tarabulus a madadin gwamnatin Ingila: James Richardson, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Sun biyo ta Murzuk da Gat, suka shigo Abzin ta arewa, suka ratsa Selufiyet da Tintaghoda a wajajen Iferwan, maƙwabtan ƙasar Gugaram ta yau. A farkon Satumba suka sauka a Tintellust a ƙarƙashin kariyar Annur, babban Kel Ewey. Daga nan Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya tafi Agadas a watan Oktoba, ya yi kimanin mako uku, ya ga bikin naɗin Sarkin Abzin Abdulƙadir. Gidan da ya sauka yana cikin tsohon garin, wanda Hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihi na duniya a 2013.

A kan wannan hanya Barth ya koyi Hausa, ya kuma lura cewa Kel Ewey suna jin ta ƙwarai tare da harshensu na Tamajak, kuma ita ce harshen ciniki a ƙasar. Ya rubuta kalmomin Emgedesi, wato harshen Agadas na da, ɗan'uwan Soŋai, wanda daga baya ya ɓace daga bakin mutanen garin. Ba don jerin kalmomin da ya bari ba, da abin da aka sani game da wannan harshe bai taka kara ya karya ba.

Ya kuma rubuta labaran addini da ya ji a hanya, kuma a nan ne ake ganin ƙarfinsa da rauninsa a wuri guda. A kwarin Taghist, kan hanyar Agadas, an nuna masa wani wurin salla da ake kira da sunan Sidi Bagadadi. Barth ya ɗauka cewa wannan laƙabin Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ne, malamin Tuwat da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Binciken da ya biyo baya, musamman littafin H. T. Norris na 1990 a kan sufayen Abzin, ya nuna cewa ƙasar tana da nata Sidi Mahmud al-Bagadadi, sufi na ƙarni na 16 wanda aka kashe a Abzin. Haka nan a Gwandu a 1853 Barth ya sami kwafin Tarikh al-Sudan ya kwashe sassa daga ciki, amma ya jingina littafin ga Ahmad Baba na Tumbutu alhali na Abdurrahman al-Sa'adi ne. An iya gyara waɗannan kurakurai ne saboda mutumin yana faɗin wuri, da suna, da rana. Mai tattarawar da ya bar sawu, ko ya ɓace hanya, na baya suna iya komawa inda ya kauce.

Yaron Dambanas

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi a wani hari, aka kai shi Zinder, daga nan aka wuce da shi Kukawa ta Barno a matsayin bawa. A can Overweg ya fanshe shi tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a Satumban 1852, sai su biyun suka koma hannun Barth, suka raka shi Zinder, Katsina, Sakkwato, Gwandu da Say har Tumbutu, inda suka isa a Satumban 1853. Bayan sun komo Barno suka ƙetare Sahara tare da shi, suka isa Landan a Satumban 1855.

A Ingila ne Schön ya shigo cikin labarin. Shi Bajamushe ne, haifaffen 1803, ɗan mishan na ƙungiyar CMS wanda ya yi aiki a Saliyo, ya kuma shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Daga bakin ƴantattun bayi na Saliyo ya fara koyon Hausa, har ya buga jerin kalmominta a 1843. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a Chatham. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba har ya rasu a 1889. Ga mutum irin wannan, zuwan saurayi Bahaushe har ƙofar gida tsuntsu ne daga sama gasasshe. Barth ya so a mayar da samarin gida, Schön kuwa ya riƙe su, abin da ya ɓata tsakanin Jamusawan biyu. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu, wanda aka yi wa baftisma da sunan James Henry, ya zauna har 1864.

A cikin waɗannan shekaru Schön ya riƙa zaunar da shi yana faɗa, shi yana rubutawa. Nahawun Hausa da ya buga a 1862, da ƙamusunsa na 1876, da fassarar wasu sassa na Baibul, duk sun dogara ƙwarai da bakin wannan saurayi. Schön ya sami lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877, da digirin girmamawa na Jami'ar Oksfod a 1884. Shekara guda bayan haka Magána Hausa ya fito a Landan, ɗauke da karin magana, tatsuniyoyi, gutsattsarin tarihi, da labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa.

Abin da littafin ya kiyaye

Darajar littafin ta farko ita ce tsufansa. Ya riga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, wanda ya fito tsakanin 1911 da 1913, da fiye da shekara 25, kuma an rubuta mafi yawan abin da ke cikinsa tun wajen shekarun 1850. Ya riga gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar da kusan rabin ƙarni. Malamin da ke karantar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da bauta ta raba da uwarsa ta ƙetarar da shi Sahara, yana da damar ajiye labarin Dorugu kusa da shi, ɗalibai su ga ƙirƙira a gefe guda, su ga wanda abin ya faru da shi yana ba da labari da bakinsa a ɗaya gefen.

Daraja ta biyu ita ce juyin ido. Littattafan matafiya na wancan zamani Bature ne yake kallo, baƙar fata ake kallo. A nan kuwa ɗan Damagaram ne yake kallon Tarabulus da Malta da Landan da Hambug, yana bayyana liyafar cin abinci a gidan Ingilishi da natsuwar da Barth ke bayyana kasuwar Kano. Abin da ya ba shi mamaki ya faɗa, abin da ya ba shi dariya ya faɗa, ba tare da ƙasƙantar da kai ba. Kuma tafiyar Tumbutu da Barth ya ba da labarinta a cikin juzu'i biyar na 1857 zuwa 1858, ga ta nan daga bakin wanda ya yi ta yana kula da raƙuma da kaya.

Daraja ta uku ta shafi ƙasar Nijar kai tsaye. Hausar da Turai ta fara nazari da gaske, har ta yi mata nahawu da ƙamus, Hausar yaron ƙasar Kance ce. Wannan kaɗai ya isa ya sa littafin ya sami gurbi a makarantun horar da malamai na Zinder da Maraɗi da Agadas.

Inda hannun mai rubutu ya shiga

Wuri na farko shi ne kunne. Schön ya yi amfani da haruffan da Richard Lepsius ya tsara, amma kunnensa bai rarrabe baƙaƙen nan masu lanƙwasa da takwarorinsu ba, kuma bai nuna karin sauti ba. A irin wannan rubutu fada da faɗa kamanninsu ɗaya, haka kafa da ƙafa, haka baki da baƙi. Bahaushe yana iya cike giɓin daga ma'anar jimla, amma duk inda kalmar ta tsufa ko ta Damagaram ce zalla, sai an yi hattara kafin a yanke cewa ga abin da Dorugu ya furta.

Wuri na biyu shi ne zama. Tatsuniya da dare ake yin ta, a tsakar gida, mai faɗa ya buɗe, yara su amsa, ya canja murya, ya rera waƙar da ke tsakiyar labari, a yi dariya a tsorata tare. Dorugu kuwa ya faɗi nasa a ɗaki a Ingila, ga dattijo ɗaya mai alƙalami, a hankali yadda hannu zai iya bi. Duk abin da aka yi shifta haka jimlolinsa sukan gajarta, waƙarsa takan rasa rauji. Mai karatun da ya ji wata tatsuniya ta bushe a shafi kada ya ɗora laifin a kan gwanintar mai faɗa.

Wuri na uku shi ne niyya. Schön bai ɓoye cewa burinsa shi ne ya mallaki harshen don wa'azin Kirista ba. Tatsuniya a wurinsa ma'adinin kalmomi ce da tsarin jimla. Kuma wanda yake faɗa masa saurayi ne da ke cin abincinsa, yake kwana a gidansa, yake karɓar addininsa. Bai kamata a ce Dorugu ya yi ƙarya ba, amma ya kamata a tuna cewa mai ba da labari yana duban fuskar mai saurare, ya san abin da zai faranta masa da abin da gara a haɗiye.

Wuri na huɗu shi ne iyakar mai bakin kansa. An raba Dorugu da gida yana ɗan shekara goma sha wani abu. Abin da ya ɗauko a ƙirjinsa kayan yaro ne: tatsuniya, karin magana, labarin gona da yunwa da hari. Bai zauna a gaban malamin zaure ya haddace waƙoƙin wa'azi ba, bai yi zaman fada ya sha kirari ba. Saboda haka wanda ya karanta Magána Hausa shi kaɗai zai zaci Hausawan 1850 ba su da rubutaccen adabi, alhali a lokacin Nana Asma'u tana raye tana rubuta waƙoƙi da ajami, kuma waƙoƙin Shehu Usmanu da Abdullahi ɗan Fodiyo sun riga sun bazu.

Waɗanda suka cike giɓin

Wasu ne suka tsinto ɓangaren waƙa da addini. Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka sani da Malam Musa, ya buga wasu matani na harshen Abzinawan Gat a 1884 tare da fassararsu da Hausa da Jamusanci, shaidar cewa Hausa ce gadar da ake bi a kai ga Tamajak har a tsakiyar Sahara. Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya buga Specimens of Hausa Literature a Kambirij a 1896, mai ɗauke da waƙoƙin wa'azi, har da na Malam Muhammadu na Birnin Gwari da waɗanda aka jingina wa Shehu Usmanu. Saninsa na ilmin Musulunci bai kai zurfin waƙoƙin ba, amma ya yi abu ɗaya da ya cece shi: ya buga hoton rubutun ajamin tare da nasa karatun. Wannan ya bai wa masana na baya, irin su Mervyn Hiskett mai tarihin waƙoƙin addini na Hausa na 1975, damar karanta asalin da idonsu. Hoton ajamin nan shi ne littafin aljihun Robinson. Shi ne kuma ya sake tsara Magána Hausa ya fitar da shi a 1906, wato hannu na uku ke nan a kan maganar Dorugu, don haka mai nazari ya fara tantance wane bugu ne a gabansa.

Sunan mai baki ya daɗe kafin ya hau bango. R. S. Rattray ya ambaci Malam Shaihu a cikin Hausa Folk-Lore na 1913 a matsayin wanda ya tattara ya rubuta. Charles de Foucauld, a cikin waƙoƙin Abzinawan Ahaggar da aka buga bayan rasuwarsa a 1925 da 1930, yakan faɗi mawaƙin da dalilin waƙar. Dorugu kuwa sai a 1971 ya sami haƙƙinsa, lokacin da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa da Ingilishi tare da sharhi, suka haɗa shi da na Maimaina, jikan Abbega, a matsayin tarihin rayuwa na mutanen da suka faɗe shi. A ƙasar Abzin an kai matakin da ya fi wannan: Ghabdouane Mohamed da Karl Prasse sun fitar da waƙoƙin Abzin a Kopenhagen a 1989 da 1990, Moussa Albaka da Dominique Casajus suka fitar da nasu a Paris a 1992, kuma a duka biyun sunan ɗan ƙasa ne a gaba.

Alƙalami ya dawo gida

Amfanin wannan bin sawu yana ga aikin da ke jiran masu karatun wannan zamani. Garin Arlit ya tashi ne saboda ƙarfen yuraniyom: an kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da ƙarfe a 1971, sannan Cominak ta fara a Akokan a 1978. Aiki ya jawo mutane daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Dosso, fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 kuma ya turo makiyaya daga kwaruruwan Gugaram da kewaye suka zauna a gefen gari. A unguwa guda ana iya samun tsohuwa mai waƙar daka ta Gobir, da mai kiɗan tende, da mai goge imzad, da tsohon madugu da ya san addu'o'in da ayarin gishiri ke yi kafin ya fuskanci Tenere zuwa Fashi da Bilma. Da aka rufe mahaƙar Cominak ranar 31 ga Maris, 2021, iyalai da dama sun watse, kowa da abin da ke ƙirjinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wani sabon nauyi. Kundin da aka zartar a Yamai a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan abin alfahari ne ga harshen da Dorugu ya kai Landan, amma yana ɗora malamin da ke rubutu da Hausa a kujerar da Schön ya zauna a kai. Idan ya zauna gaban tsohuwa Ba'abziniya ya ji waƙarta da Tamajak, ya rubuta ma'anarta da Hausa ko Faransanci, ya yar da asalin, to ya bar wa na baya inuwa ba jiki. Idan ya ji tatsuniya da Hausar Agadas ko ta Adar ya mayar da ita daidaitacciya don ta dace da littafin aji, ya yi kwaskwarimar da aka tuhumi Carmichael da ita, kuma ba tare da littafin aljihun da zai wanke shi ba. Idan ya ji wata addu'ar tsari da yake ganin ta kauce wa abin da ya karanta, ya gyara ta a ɓoye, ya shafe shaidar yadda kakanninsa suka roƙi Ubangiji.

Ƙa'idojin da tarihin waɗannan mutane ya koyar ba su da tsada. A rubuta sunan mai faɗa da yardarsa, da garinsu, da wanda ya koya masa, da ranar zaman, da lokacin da aka saba yin waƙar ko addu'ar. A ɗauki murya, tunda wayar hannu ta sauƙaƙa abin da Schön bai ko yi mafarkinsa ba, a kuma ajiye ta yadda take, daban da rubutun da aka tsabtace. A rubuta matani da harshen da aka faɗe shi, fassara ta biyo baya. Abin da ya shafi mata, kamar waƙoƙin reno da na haihuwa da na amarci, mata su karɓe shi. Abin da mai shi ya ce sirri ne a bar masa sirrinsa. A bar kwafi a garin da aka ɗebo, a kai wani inda zai tsira, kamar cibiyar CELHTO ko ta IRSH da ke Yamai, waɗanda aka daɗe da sani da adana adabin baka da tsofaffin rubuce-rubuce. Idan kuma abin ya zama littafi, sunan mai baki ya hau bango.

Schön ya cancanci godiya, domin ba don haƙurinsa ba da maganar yaron Dambanas ta bi iska. Amma an yi shekara 86 tsakanin 1885 da 1971 kafin a gane cewa littafin da ake kira na Schön yana da wani mai shi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tunda dole wata rana ta bar bakin ta koma takarda, mafi ƙarancin abin da mai alƙalami zai yi shi ne ya bar alamar da za ta nuna daga wane baki ta fito.